Ga Mai Bishara, Kafin Ranar Baftisma

Ɗan'uwa, idan iyalin da kake shirya wa baftisma suna cikin matsi, leƙa rumbunsu tukuna. A watan Agusta hatsin bara ya ƙare, sabo bai nuna ba, maigida yana gona tun asuba. Je da yamma, ka zauna kan tabarmarsu, ka karanta musu Ayyukan Manzanni sura 16, labarin mai tsaron kurkukun Filibi da aka yi wa baftisma da mutanen gidansa.

Idan za ka kai musu tiyar masara, don Allah kada ka sa zuwa ajin baftisma ya zama sharaɗinta. Uwargida kuwa, ka ji daga bakinta ko ta shirya. Idan kayan ranar sun gagara, yi wa zumuntar mata magana a asirce.