La'ada Tun Ba a Taya Ba

Ƙanena,

Takardar da ka turo mini ta waya daren jiya, na sa tabarau na karanta ta sau uku, barci kuma bai ɗauke ni ba sai gab da kiran assalatu. Na ga gara in rubuto maka da in kira, domin in muna magana kai kana katse ni, ni kuma raina yana saurin ɓaci. Halin gidanmu ne, ka sani.

Ga yadda na fahimci zancen, in na yi kuskure ka gyara mini. Wani baƙo ya zo filin unguwarku can Tawa da usur a wuya da jakar riguna masu ruwan ɗorawa, ya karɓi jika biyar-biyar a hannun yara wajen arba'in, ya sa su gudu da buga tamaula daga la'asar har magariba, ya ware uku, ɗanmu na ciki. Yanzu ya ce a haɗa miliyan ɗaya da rabi na fasfo da biza da jirgi da abin da ya kira buɗe dosiye, wai wata ƙungiya a Turai na jiran yaron kafin ƙarshen wata. Kai kuma har ka fara cigiyar mai sayen garkar fadama, wadda Baba ya haƙa wa rijiya da hannunsa. Kafin mu je ko'ina ka lissafa: biyar sau arba'in, jika ɗari biyu ke nan. Mutumin ya ci kasuwarsa tun ran nan, ko da ba wanda ya ƙara masa ko dala.

Kada ka ɗauka raina ɗanmu nake yi. Na tsaya na kalle shi da Sallar Layya, ranar da suka kara da yaran wata unguwa. Yana da ƙafar hagu mai kyau, kuma kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya ɗaga kai ya ga inda zai ba da ita, abin da ba a koya wa yaro da bulala. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, masu gudu na gani da yawa, masu ido irin nasa kaɗan. Shi ya sa ma nake tsoro. Da bai iya ba, da zancen ya mutu da kansa.

Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin dillanci. Ran Lahadi in ka ja sa zuwa kara, dillali ya karɓi igiya, ya zaga da shi, ya buɗe bakinsa ya nuna haƙora, ya sha rana ana tayawa yana albarka. Yaushe yake cin la'adarsa? Sai ciniki ya faɗa, an sallama, kuɗi sun shiga hannu. In sa bai sayu ba, ƙura kawai zai kai gida. Abin da ke sa shi zage damtse ke nan, kuma shi ke hana shi karɓar igiyar dabbar da ya san ba ta sayuwa. To da wani zai tare ka a bakin kara ya ce ka ba shi la'ada tukuna, mai saye yana can bayan dutse, ba ka gan shi ba, ba ka ji tayinsa ba, me za ka ce masa? Cinikin biri a sama ke nan. Wanda ya ci la'ada tun ba a taya ba, me ya rage da zai sa ya sha rana? Cinikinsa da kai ya yi shi, ba da Bature ba.

Harkar ƙwallo ma haka take, kuɗin ne dai suka fi yawa. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke biya. Ta biya ƙungiyar da ya baro, ta yanka masa albashi, wakilinsa kuma, wanda yara ke kira manaja, ya ci kasonsa bayan an sa hannu. Har dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayen ɗan wasa a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kuɗin daga can suke gangarowa nan. Ka tuna Musa Ma'azu. A ASFAN ta Yamai ya yi ta zura ƙwallaye har labarinsa ya kai Beljiyam, Lokeren ta ɗauke shi a 2008, shekara na zagayowa CSKA ta Mosko ta saye shi, daga baya ya ja gaban Mena, ƙungiyar ƙasarmu, zuwa gasar Afirka ta 2012 da ta 2013. A gida aka fara ganinsa, a fili, gaban jama'a.

Sannan ɗanmu shekararsa 16. Doka ta 19 cikin ƙa'idojin FIFA na sauyin ƙungiya ta hana a kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don ƙwallo, in ba da ƴan dalilai ƙalilan ba, kamar iyayensa su ƙaura saboda wani abin da ba ƙwallo ba. Ba wasa ake da ita ba. An hukunta Barcelona a kanta a 2014, an hukunta Chelsea a 2019. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya yana Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Abin da ya gagari Barcelona, mai usur ne zai iya shi kafin ƙarshen wata? In ya ce zai taɓa takardar haihuwa, wannan wani ramin ne daban. Tun 2009 ake sa wuyan hannun yara a na'ura a gasar ƴan ƙasa da 17 don gane shekaru, kuma yaron da aka kama shi ke yawo da tabon, mai gyaran ya daɗe da ɓacewa.

Makarantun ƙwallo na gaskiya su ke yawon neman yara, su ke ciyar da su. Mohammed Kudus ɗan Nima ne a Akara, unguwar da in ka shiga za ka ji Hausa kamar kana Ƙonni. Makarantar Right to Dream ta ɗauke shi yana ƙarami, ta ba shi abinci da gado da aji kyauta, ya cika 18 ya fara buga wa Nordsjælland ta Denmak a 2018, daga nan Ajax a 2020.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka dalla-dalla ba. Shekarun baya, ina koyarwa wajen Keita, an yi wa wani ɗalibina irin wannan tayi. Ni ma na sa jika hamsin cikin karo-karon, har ni na karanta wa uban takardar, na ce masa tambarin ya yi kama da na gaskiya. Aka sayar da tumaki da rabin gona. Yaron ya sauka wani birni a arewacin Afirka, wanda ya kai shi ya biya ɗakin kwana uku, ya karɓi fasfonsa wai zai kai ofishin biza, ya fita. Ganinsa na ƙarshe ke nan. Abin da ya fi ci mini rai, yaron ya yi wata bakwai yana bugo waya yana cewa komai lafiya, ana gwaji, alhali bulo yake ɗauka a wurin gini. Ba maƙaryaci ba ne, kunya ce, ya san abin da aka sayar dominsa. Ya dawo bayan shekara uku, ko fili ba ya kallo. Uban kuwa har ya rasu ban ƙara iya haɗa ido da shi ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2015 BBC ta bankaɗo yaran Afirka ta Yamma sama da ashirin, yawancinsu ƴan Laberiya, wasu ƴan shekara 14, da aka kwasa zuwa ƙasar Laos da sunan makarantar ƙwallo, suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa. A 2023 hukumomin Fotugal suka kwashe matasa sama da arba'in, mafi yawansu yara, daga wata makarantar irin wannan. Cikin Turai ke nan fa.

Za ka ce mini mu Adarawa da tafiya aka san mu, kai ma da shekara 17 ka hau mota zuwa Abijan. Haka ne, duwatsun nan ba su taɓa riƙe namiji bayan girbi ba. Amma ka tuna yadda ka tafi. Kawu ne ya tarbe ka a tasha, ka kwana ɗakin ƴan garinmu, aka ɗora maka tiren kaya bashi. In ka yi zazzaɓi akwai mai kai ka asibiti, in ka fara lalacewa akwai mai kawo labari gida. Ci-raninmu yana da mai masauki. Kuɗin mota kawai aka kashe maka, da ma ka dawo hannu rabbana, gona tana nan tana jiranka. Wannan tafiyar da ake shirya wa ɗanmu babu ɗan garinmu a ƙarshenta, kuma garkar da zai dawo ya tarar ita za a sayar a yi masa guzuri.

Yayarsa da ke jami'ar Djibo Hamani ta nuna mini wata hanyar a intanet, ta kamfanonin da ke karɓar kuɗi su nema wa yaro gurbi a jami'o'in Amurka ta hanyar wasa. Waɗannan ba duka ne ƴan damfara ba. Akwai manya masu ofis da ma'aikata, kamar NCSA, waɗanda iyayen can ke biya ɗaruruwa ko dubban daloli, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Aikinsu su buɗe wa yaro shafi, su tsara bidiyonsa, su tura wa masu horarwa, su koya wa iyaye ƙa'idoji. Gurbin kuwa ba a hannunsu yake ba. Mai horarwa ke bayarwa, adireshinsa kuma na nan a shafin jami'a, kowa na iya rubuta masa kyauta. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, da bakinta ta ce wajen 2 cikin 100 na ƴan sakandare masu wasa ke samun tallafin, mafi yawa ma ba cikakke ba, uba ke ciko. Mai hali wanda ba shi da lokaci, ɗansa kuma ya riga ya kai, yana iya sayen sauƙi wurinsu. Mu kuwa abin da za a fara tambayar ɗanmu shi ne takardun makaranta da Ingilishi, shi da ya fara guje wa aji tun ranar da mai usur ya yaba shi. Ba takardar bak ta gama sakandare, ba Ingilishi, ko miliyan goma aka biya ƙofar ba ta buɗuwa. Ni dai wannan ɓangaren na tsarinsu ya burge ni, ka san tsohon malami.

Ban ce kada ka kashe masa kuɗi ba. Ka saya masa takalmi na kirki, ya huta da wanda aka ɗinke sau huɗu. Ka ƙara masa ƙwai da nono. Ka kai shi ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, a yi masa lasisi da sunansa da shekarunsa na gaskiya, domin yaron da ba ya cikin littafi, ko ya fi kowa, babu shi. In an kira gwaji a Yamai ka biya mota, wani babba ya raka shi, zuwa da dawowa bai kai kuɗin rago ba. Yaran Mena ƴan ƙasa da 17 da suka je gasar duniya a Indiya a 2017 har suka tsallake zagayen farko, ƙasa ce ta kai su gaban masu neman ƴan wasa. Bidiyo kuwa wayar yayarsa ta isa. Mu da aka fara gasar kokowar takobi ta ƙasa a garinmu a 1975, ai mun san hanyar. Ɗan kokowa daga dandalin ƙauye yake farawa, ya ka da na ƙauyensu, ya ka da na gunduma, kafin jiha ta sa shi cikin goman da za su wakilce ta.

Mai usur kuma kada ka ci masa fuska, baƙo ne, mai yiwuwa ma shi kansa aikensa aka yi. Ka ba shi ruwa, ka tambaye shi lambar lasisinsa, domin tun 2023 FIFA ta dawo da lasisi da jarrabawa ga wakilai, sunayensu kuma suna shafinta kowa na iya dubawa. Ka ce muna so mu rubuta wa ƙungiyar da kanmu, ta adireshin da ke shafinta, ba lambar da ya ba ka ba. Takardar da ka turo mini, sunan ƙungiyar da ke sama da wanda ke jikin tambari sun sha bamban da harafi ɗaya, adireshin kuma irin wanda ni ma jikata ta buɗe mini kyauta ne. Ka ce masa in suna so su aiko da tikiti, shi kuma ranar da aka sa hannu zai ci la'adarsa har da tukuici. Ka dubi fuskarsa lokacin. In ya fara cewa lokaci na ƙurewa, ga wani uban can riƙe da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya ba wancan sa'a.

Mai wuyar shi ne yaron. Zai yi fushi, zai ce mun toshe masa arziki, hanyar Agadas kuma ta ƙofarku ta wuce. Kada ka yi masa maganar gaban abokansa, kada kuma uwarsa ta ji daga bakin maƙwabta. Ka bar mini shi. Ran Lahadi in Allah ya kai mu zan shigo da motar kasuwa ta farko, ina da awaki biyu da zan kai kara. Ka ce masa ya tarbe ni a tasha ya riƙe mini igiya ɗaya, ina so ya tsaya kusa da dillali har a gama ciniki. Daga nan mu biya wurin masu takalma. Garkar kuma ka aika wa mai cigiya an fasa, irin albasa ya isa dashe, na sa an fara yin fangali.

Ka gaishe mini da tsohuwa, ka ce ina tafe mata da kuka da busasshiyar kuɓewa.

Yayanka.