Guzuri da Tsaraba: Nazarin Lissafin Kuɗin Yau da Kullum na Alhazan Kudenda a Ƙasar Saudiyya

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ma'anar kalmar guzuri ta sauya a bakin Hausawa, daga abincin hanya zuwa takardun dala da hukuma ke miƙa wa maniyyaci. An ɗauki mazaunin Kudenda da ke birnin Kaduna a matsayin misali, aka auna abin da kuɗin guzuri na 2024 da 2025 ke iya ɗauka a Makka da Madina, tare da nuna yadda al'adar tsaraba ke cin rabon buƙatun yau da kullum.

1.0 Gabatarwa

Kudenda unguwar masana'antu ce a kudancin kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kusa da babban titin Nnamdi Azikiwe. Ma'aikacin kamfani ko ƙaramin ɗan kasuwa da ya yi niyyar Hajji daga nan yakan shafe shekaru yana tari, ko ta adashin unguwa ko ta shirin adashin gata da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020. Kuɗin kujera na shiyyar Arewa a 2025 ya ɗan haura naira miliyan 8.4, wato kwatankwacin albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 har na tsawon shekara 10. Wannan babban adadi shi ke ɗauke hankalin kowa. Ƙaramin adadin da ke cikinsa, wato guzuri, ba a cika nazarinsa ba, alhali a kansa ne jin daɗin alhaji ko wahalarsa ta kullum ta rataya.

2.0 Guzuri a Da

A asalinsa guzuri abinci ne mai jure hanya: gari, ƙuli-ƙuli, kilishi, dakuwa, yaji. Aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da riƙonsa, kuma malaman tafsiri sun ambaci cewa ta sauka ne a kan wasu mutanen Yaman da ke zuwa Hajji hannu rabbana, sannan su ɓuge da roƙo. Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, ta fassara sharaɗin iko da sassauci na musamman. A wurinta, wanda ke iya tafiya da ƙafa, kuma yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana lissafa shi cikin masu iko ko da bai tanadi guzuri da abin hawa ba.

Wannan hukunci ya dace ƙwarai da yadda Hausawa suka riƙa zuwa Makka ta ƙasa. Wanzami da ɗan koli da mai ɗinkin hula duk sana'arsu ce guzurinsu. Akan bi ta Borno da Wadai da Darfur, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara abin da zai kai zango na gaba. Bayan buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, nan ya zama babbar matsayar masu neman kuɗin ƙetare Bahar Maliya. J. S. Birks (1978) da C. Bawa Yamba (1995) sun yi nazarin waɗannan matafiya, waɗanda da yawansu suka zauna a Sudan har jikoki suna ci gaba da ɗaukar kansu masu kan hanya. Ko masu dukiya ma lissafi yakan ƙwace musu: Mansa Musa, da ya yi Hajji a 1324 da zinariya mai yawa, sai da ya ci bashi wurin fataken Alƙahira kafin ya koma Mali.

Jirgin sama da biza sun rufe waccan ƙofa. Bizar Hajji ba ta halatta aiki ba, bara kuma laifi ce a dokar Saudiyya. Alhajin yau ba shi da hanyar ƙara ko riyal ɗaya a kan abin da ya shiga da shi, in ba aike daga gida ko kyauta ba.

3.0 Abin da Dala 500 ke Ɗauka

Kuɗin guzuri ba kyautar gwamnati ba ne, ko da yake maniyyata da dama haka suke ɗauka. Wani yanki ne na kuɗin kujerar da mutum ya biya, ake mayar masa da shi a dala dab da tashi, wanda ga alhazan Kaduna yakan kasance a lokacin zaman sansanin Mando. A 2023 an tsara dala 800, amma rufe sararin samaniyar Sudan saboda yaƙi ya ƙara kuɗin jirgi, aka cire dala 100. A 2024, bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo sakin kasuwar canji a Yunin 2023, guzurin ya sauko zuwa dala 500, haka kuma ya tsaya a 2025.

Tun 1986 riyal ke ɗaure da dala a kan 3.75, don haka dala 500 riyal 1,875 ce. Mafi yawan alhazan Nijeriya tamattu'i suke yi, wanda ke wajabta hadaya, kuma farashinta a hukumance ya kai riyal 720 a 2024 da 2025. Idan ba a biya ta tun daga gida ba, saura riyal 1,155. A raba wannan a kan zaman kwana 35, sai a sami riyal 33 a yini. In an juya zuwa naira bisa canjin 2025, adadin ya haura 13,000, kuɗin da zai yi cefanen gida a Kudenda. A Makka kuwa, inda harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, kwanon shinkafa da kaza da tasi ɗaya zuwa Harami lokacin cunkoso na iya lashe shi.

Gaskiya ne kuɗin kujera ya ƙunshi masauki, da abinci sau biyu a rana, da motocin zuwa Mina da Arfa. Abin da ya rage a wuyan alhaji ƙananan abubuwa ne masu maimaituwa: abincin rana, shayi, layin waya da kuɗin intanet don gaida gida, sabulu, aski, silifas da ya ɓace a ƙofar masallaci, maganin tari. Tsoho ko mara lafiya yana da ƙarin nauyin kuɗin mai tura keke a ɗawafi da sa'ayi, wanda shi kaɗai kan cinye rabon kwanaki masu yawa. Nisan masauki daga Harami shi ne ma'aunin da ya fi kowanne tasiri, kuma maniyyaci ba shi ke zaɓensa ba.

Akwai wata mafita ta fiƙihu da ba a cika jaddada ta a wurin bita ba. Ifradi, wanda Malikiyya ta fifita, ba ya wajabta hadaya. Mai tamattu'in da bai sami hali ba kuma aya ta 196 ta ba shi damar azumin kwana 3 a can da 7 bayan komowa. Riyal 720 ta haura kashi 38 cikin ɗari na guzurin gaba ɗaya, saboda haka bai kamata a bar wannan bayani ga sa'a ba.

4.0 Tsaraba

Babban abokin hamayyar guzuri ba tsadar Makka ba ce, tsaraba ce. Wanda ya yi rakiya zuwa Mando, da wanda ya ba da gudummawa, da surukai da maƙwabta da abokan aiki, kowa yana da hakki a jakar alhaji: dabino, bagaruwa, carbi, darduma, jallabiya, turare, hula. Ga kuma haƙorin Makka, wanda ga wasu shi ne shaidar tafiyar. Tsaraba biyan bashin zumunci ce, don haka kiranta almubazzaranci rashin fahimtar al'ada ne. Matsalar tana ga lokacin sayenta. Yawancin jirage a Madina suke fara sauka, alhaji ya shiga kasuwa da guzurinsa cikakke a makon farko, alhali kwanakin Mina da doguwar jiran jirgin komowa suna gaba. Kayan kuma in sun wuce nauyin da aka ƙayyade, sai an sake biyan kuɗin awo. Abin lura, galibin carbi da dardumar ba a Saudiyya ake yin su ba, kuma ana samun irinsu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna.

Ko siffar kuɗin ma tana da nata haɗari. Takardun dala girmansu ɗaya, launinsu kuma kusan ɗaya, shi ya sa wanda bai saba da su ba ake iya musanya masa takardar 100 da ta 1. Wannan na cikin hujjojin masu son a mayar da guzuri cikin katin banki. A 2025 an yi yunƙurin hakan, amma hukumomin alhazai suka nuna cewa da yawan maniyyata ba su iya aiki da na'urar cirar kuɗi ba, gwamnati ta amince a ci gaba da ba da tsaba a hannu. Tsohon guzurin ma bai ɓace ba: har yanzu akan ƙunsa gari da ƙuli-ƙuli da yaji a jaka don toshe gurbin abincin rana, sai dai goro, wanda hukumomi ke gargaɗin kada a shiga da shi Saudiyya.