Yadda Ake Yi wa Jirgin Ƙasa Fenti a Ingila a Zamanin Tururi

A zamanin da jiragen ƙasa na Birtaniya ke tafiya da kwal da tururi, kafin a haɗe kamfanonin su zama huɗu a shekarar 1923, kowane kamfani yana da launinsa wanda ake shaida shi da shi tun daga nesa, kamar yadda ake shaida dakarun sarki da kayan jikinsu. Great Western kore ne mai duhu, da jan ƙarfe a bakin bututun hayaƙi, taragwansa kuwa ruwan ƙasa daga ƙasa, ruwan madara daga sama. Caledonian na Sikotland shuɗi ne. North Western baƙi wuluk mai sheƙi. Amma wanda ya fi cancantar a tsaya a yi bayaninsa, a ganina, shi ne jan nan mai zurfi na kamfanin Midland, wanda aka fara shafa wa kawunan jiragensa a garin Darbi a 1883, domin kuwa a cikinsa ne hikimar wannan sana'a ta fi bayyana.

Sharaɗin farko shi ne tsabta. Idan maƙera sun gama harhaɗa kan jirgi, aka hura masa wuta aka jarraba shi aka tabbatar ba inda yake yoyo, sai a tura shi ɗakin fenti, inda za a kankare tsatsa, a wanke maiƙo da toka, har ƙarfe ya fito tas, saboda fentin da ya hau kan maiƙo ba ya daɗewa sai ya ɓamɓare. Daga nan a shafa fentin tushe, wanda farar dalma ce ake kwaɓawa da man 'ya'yan kittani, launinsa toka-toka, a bar shi ya bushe, a sake.

Sai aikin da ya fi kowanne cin rai. Ƙarfen da ya fito daga maƙera, komai kyansa a ido, yana da ramuka ƙanana da tabon guduma, waɗanda ba a ganinsu sai ranar da sheƙi ya hau kansu ya tona asirinsu. Saboda haka ake bin jikin jirgin da foti ana cike su ɗaya bayan ɗaya, a ƙara wani kauri a kai, sa'an nan ma'aikaci ya ɗauki dutsen goge kaushi da bokitin ruwa, ya yi ta gurzawa yana shafawa da tafin hannu, domin hannu yana jin tudun da ido bai gani ba. Ruwan nan yana da fa'ida biyu, yana sa gugar ta yi laushi, kuma yana kwantar da ƙurar dalma, wadda guba ce ga wanda ya daɗe yana shaƙarta. Mutum yakan wuni a gefe guda na tukunyar jirgi, hannunsa ya yi sanyi ƙalau, alhali ba wanda zai ga aikinsa da zarar an rufe shi.

A nan ne sirrin jan Midland yake. Wannan launi, wanda asalin irinsa daga jikin wani ɗan ƙwaro na ƙasar Meziko ake samunsa kafin masana kimiyya su ƙago madadinsa, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, haske yana ratsa shi kamar yadda yake ratsa ruwan zoɓo a cikin kwalba. Don haka ba a ɗora shi kan toka-toka kai tsaye. Sai an riga an shimfiɗa masa wani fenti ruwan ƙasa mai ɗan ja-ja, ya bushe, an goge, sa'an nan a zo da jan a shafa shi siriri da buroshi. Abin da ido ke gani a zahiri haɗuwar biyun ne, kuma idan aka sauya na baɗini, to, na zahiri ya sauya ko da daga gwangwani ɗaya aka ɗebo shi. Wannan ne dalilin da ya sa masu gyaran tsofaffin jirage har yau suke jayayya a kan haƙiƙanin wannan launi, musamman da yake hotunan wancan zamani galibinsu baƙi da fari ne.

Bayan launi sai zane. Mai ja layi shi ne malamin ɗakin, kuma ba a kai wa matsayinsa sai bayan shekaru na almajiranci. Buroshinsa siriri ne mai dogon gashi, yakan tsoma shi ya kwantar da gashin a jikin ƙarfe, ya dogara da ɗan yatsansa a gefen farantin, ya ja layi rawaya a gefen baƙi, tun daga wannan kusurwa har waccan, ba tare da layin ya yi kauri a wani wuri ya sirance a wani ba. Sa'an nan a manna haruffa da lambobi masu ruwan zinariya, da tambarin kamfani.

Mataki na ƙarshe shi ne banish, wato man nan mai ƙyalli da kafintoci ke shafa wa katako. Ana shafa shi sau da yawa, a bar kowane shafi ya bushe, a ɗan dushe shi da garin dutse mai laushi kafin na gaba, a cikin ɗaki mai ɗumi wanda ake yayyafa wa daɓensa ruwa don kada ƙura ta tashi. Jimlar aikin makonni take ci. Taragwan fasinja ma haka, sai dai kamfanin LNER, ɗaya daga cikin huɗun nan da aka kafa a 1923, yana yin nasa da katakon tik ya bar shi da launinsa na halitta a ƙarƙashin banish. Kuma da aka koma yin tarago da ƙarfe, sai masu fenti suka riƙa zana jijiyoyin itace da hannu a kan ƙarfen don ya dace da 'yan uwansa, abin da nake ganin ya isa shaida a kan ƙwarewarsu.

Irin wannan ado yana da tsada, kuma yana bukatar yara masu goge jirgi da tsumma da mai kullum, waɗanda daga cikinsu ake samun masu zuba kwal, daga baya direbobi. A 1928 kamfanin LMS, wani daga cikin huɗun nan, wanda ya gaji launin Midland, ya taƙaita ja ga manyan jiragen fasinja, saura suka koma baƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ya baƙanta kusan duka. A 1948 gwamnati ta karɓe hanyoyin jirgi ta tsara nata launuka, a 1968 kuma aka daina jigila da tururi a manyan hanyoyi. Wanda Allah ya kai shi Ingila, ya nemi gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin Yok, ya tsaya kusa da kan jirgin Midland mai lamba 673, ya dubi jan nan ta gefe inda haske ke sauka a kansa.