Yini Ɗaya a Bakin Teku: Darasi Daga Zangon Las Palmas

Da yawa daga cikinmu za mu bar makarantar nan mu tafi koyarwa a garuruwan da yaro bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari girma ba. Wata rana kuwa lalle wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya teku ya ke?" In muka ce masa ruwa ne mai yawa mai gishiri, ba mu yi ƙarya ba, amma kuma ba mu koya masa kome ba. Saboda haka muka ga ya kyautu mu buɗe taswira, mu bi ɗaya daga cikin ɗaliban da su kan tafi Ingila neman ilmi ta jirgin ruwa a zamanin da, mu sauka tare da shi a inda ya kan huta, mu ga abin da yini ɗaya a bakin teku zai koya mana.

Hanyar

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano a 1946, wasu kuma suka yi ta bin bayansu. A shekarun da suka biyo, da yawa ta ruwa su kan bi. Ɗalibi ya kan hau jirgin ƙasa a Kano, ya yi wajen mil 700 zuwa Ikko, sa'an nan ya shiga ɗaya daga cikin jiragen kamfanin Elder Dempster masu ɗaukar wasiƙu da fasinja, watau Accra na 1947, ko Apapa na 1948, ko Aureol na 1951. Wannan na ƙarshe shi ya rufe hanyar a 1974, bayan jirgin sama ya kwashe matafiya. Daga Ikko zuwa Liverpool ya fi mil 4,000, tafiyar kusan mako 2. A kan tsaya a Takoradi ta ƙasar da yanzu a ke kira Ghana, da Freetown ta Saliyo, kana Las Palmas, wadda ita ce zangon ƙarshe kafin Turai.

Las Palmas birni ne a tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga cikin manyan Tsibiran Kanari guda 7. Ƙasar Sifen ke da su, ko da ya ke mafi kusa da Afirka a cikinsu bai fi mil 60 da kaɗan daga gaɓar Maroko ba. Tsuntsun nan kanari da a ke ajiyewa a keji daga gare su ya samo suna. An kafa birnin a 1478, Kolombas kuma ya tsaya a tsibirin gyaran ɗaya daga cikin jiragensa 3 a 1492. Tashar jiragensa ta yanzu an fara gina ta a 1883, a 1884 kuwa Alfred Jones, attajirin Liverpool, ya buɗe wurin sayar wa jirage kwal a can. Tun daga nan jirage suka riƙa tsayawa shan makamashi da ruwa, su kuma ɗauki ayaba da tumatir zuwa Ingila. Don bukatar jirgi a ke tsayawa, ɗalibi ya samu hutu a dalilin haka.

Sauka

Abu na fari da ɗalibinmu zai ji in ya taka ƙasa shi ne kamar ƙasar na rausaya. Cikin kunnen mutum akwai abin da ke gaya masa ko a tsaye ya ke daidai. Wannan ya saba da lilon jirgi kwana da kwanaki, don haka sai ya ɗan jima kafin ya koma yadda ya ke.

Tashar tana gabas da wani siririn wuyan ƙasa. In ya ƙetara wuyan nan da ƙafa, cikin 'yan mintoci sai ga shi a gaɓar yamma, wadda su ke kira Las Canteras, rairayi ne ja-ja shimfiɗe wajen mil 2. Nan zai tuɓe takalma, ya sa ƙafa cikin ruwa, ya sayi ayaba, ya zauna yana shan iska, ba ƙarar inji, ba tashin zuciya. To, 'yan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Daɗin nan da ya ke ji yana da dalilai, su ne kuwa darasinmu.

Don me ruwan ya ke kwance?

Can cikin ruwa, kamar yadi 200 daga gaɓa, akwai wani dogon dutse kwance kamar ganuwa, sunansa La Barra. Manyan raƙuman ruwa na Tekun Atalantika a kansa su ke fashewa, sai ƙarfinsu ya ƙare kafin su iso wurin masu wanka. Abin da ke tsakanin dutsen da rairayi sai ya zama kamar tafki.

Don me dutsen ya kan fito, ya kuma nutse?

Wata yana jan ruwan teku, rana ma tana ja, amma jan wata ya fi. Saboda haka ruwa ya kan cika ya janye sau 2 a yini da dare, kullum kuma ya kan makara da wajen minti 50 bisa na jiya, kamar yadda fitowar wata ke makara. Cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren 14, gama a lokatan nan wata da rana jansu ya kan haɗu a layi ɗaya. Wanda ya ajiye takalmansa dab da ruwa ya yi gyangyaɗi, da kansa zai gane wannan.

Don me ba zafi?

Wannan ce tambayar da ta fi wuya, domin tsibirin yana digiri 28 arewa da tsakiyar duniya, daura da Hamada. Duk da haka zafin rana a can ya kan tsaya wajen digiri 21 na ma'aunin Santigired a Janairu, da wajen 27 a Agusta, alhali a Kano ya kan kai 40 a Afrilu. Dalili na ɗaya, ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, saɓanin ƙasa, don haka garin da teku ya kewaye ba kasafai ya kan tsananta zafi ko sanyi ba. Na biyu, akwai wani ruwa mai sanyi da ke gudana cikin tekun kansa kamar kogi, daga wajen Fotugal ya gangaro kudu ya bi gefen Maroko, ya ratsa tsibiran. Na uku, yawancin shekara iska daga arewa maso gabas ta ke busowa. 'Yar'uwar iskar hunturunmu ce. Tamu ta bi ta kan Hamada, shi ya sa ta ke zuwa a bushe da ƙura har leɓe ya tsage. Tasu ta bi ta kan ruwan sanyi, sai ta iso da laima. A watanni masu zafi ta kan tara gajimare mai toka-toka a kan birnin, wanda mutanen garin ke kira tumbin jaki. In kuwa iska ta juyo daga gabas, su ma hazo ya kan rufe su, har a Fabrairu na 2020 ya sa aka rufe filayen jiragen samansu.

Bayan dutsen

Da yamma jirgi zai yi kuka, ɗalibinmu ya kakkaɓe rairayi ya koma, gama jirgi ba ya jiran kowa. Gabansa akwai kwana 4 ko 5, da gaɓar Biskay wadda ta yi suna wajen haukan ruwa, da sanyin Ingila. Hutun nan guzuri ne.

Wajibi ne kuma mu gaya wa yara cewa kwanciyar ruwan Las Canteras aikin dutse ne, bayan dutsen teku ba shi da wasa. A 2006 mutum fiye da 31,000 suka isa tsibiran nan cikin kwale-kwale daga gaɓar Afirka, a 2024 kuwa fiye da 46,000, dubbai kuma sun halaka a hanya. In inji ya mutu, iskar nan mai daɗi da ruwan nan mai gudana, waɗanda suka kai Kolombas yamma, su ne ke jan kwale-kwale zuwa tsakiyar teku. A 2021 an tsinci wani da ya taso daga Muritaniya kusa da tsibirin Tobago, can gefen Amurka, ba mai rai a ciki. Yaron da ya fahimci darasin nan a aji, da wuya mai daɗin baki ya ruɗe shi da cewa tafiyar ƙetare rafi ce.

Abin gwadawa a aji

1. A sa kwano 2 a rana da hantsi, ɗaya da rairayi, ɗaya da ruwa. Yara su taɓa su da azahar, su sake taɓawa bayan isha, su faɗi abin da suka ji.

2. A cika daro da ruwa, a gitta tubali a tsakiya, a kaɗa ruwan gefe ɗaya, a dubi ɗaya gefen.

3. A zana gaɓar Afirka ta Yamma a ƙasa, a sa tsakuwa a kowane zango, yaro ya bi hanyar daga Ikko, yana faɗin sunan ko wane wuri da abin da ya sa a ke tsayawa a can.