Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana ya girma, yaya zan sakar masa asusunsa na Google?

Tambaya: Tun ɗana yana aji shida na firamare na buɗe masa asusun Google a ƙarƙashin nawa, ina sa masa ido ta manhajar Family Link. Yanzu ya cika shekara 18, ya samu gurbin karatu a jami'a, amma har yau in zai sauke wata manhaja sai wayata ta yi ƙara ana neman izinina. Shi ya ce a goge asusun kawai ya buɗe sabo. Yaya za mu yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi, ya ba shi sa'ar karatu. Kada ku goge asusun nan. Hotunansa da lambobin mutanensa suna ciki, kuma da wuya in ba da wannan imel ɗin ya yi rajistar JAMB ba. Ranar da makaranta za ta turo masa saƙo can, za ku gane goge shi ya fi gyara shi wahala. Asusun yaro da na babba abu ɗaya ne a wurin Google, kulawar da aka ɗora a kai ce ta bambanta su, ita ce kuma za a cire.

Dalilin kulawar doka ce. Amurka ta kafa wata doka a 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da yardar iyayensa. Shi ya sa Google ya ɗauki 13 a matsayin iyaka a yawancin ƙasashe, har da Najeriya, ko da yake a Faransa 15 ce, a Jamus 16. Ɗanki ya wuce wannan iyaka tuntuni.

Ki buɗe Family Link a wayarki, ki zaɓi sunansa, ki shiga saitunan asusu, sai bayanan asusu. A nan za ki ga wurin dakatar da kulawa. Kafin ki taɓa shi, ki duba ranar haihuwar da ke rubuce. Da ita Google yake lissafi, ba da gemun yaro ba. In an yi kuskure wajen buɗewa aka rage masa shekaru har ya zama bai kai 13 ba a wurinsu, ba za a ba ki damar dakatarwa ba. Ki gyara ta dace da takardar haihuwarsa, domin nan gaba ana iya neman ya nuna katin shaida.

Da kin dakatar, kin daina ganin inda yake a taswira, ba ki da ikon kulle wayarsa da dare, ba kuma za a ƙara neman izininki ba.

Sai dai aikin bai ƙare a nan ba, kuma a nan yawancin iyaye ke tsayawa. Mai asusu na gaskiya shi ne wanda ake tura wa lambar tabbatarwa in an manta kalmar sirri. Ku zauna tare, ya canza kalmar sirri da hannunsa, ba ki kallo. Sannan ku duba lambar waya da imel ɗin da aka ajiye don dawo da asusu. Watakila taki ce. Watakila ma ta mai shagon wayar da ya taya ki buɗewa ce, wanda ko sunansa kin manta. Tunda ya kai 18, zai iya yin rajistar layi da NIN ɗinsa, sai ya sa wannan lambar, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In ya ga dama ya bar imel ɗinki a matsayin madogara, amma da saninsa.

Saura rukunin iyali na Google da ya haɗa asusunki da nasa. Cire kulawa ba ya fitar da shi daga ciki, kuma ban ga dalilin gaggawa ba. In kina biyan kuɗin ƙarin ma'aji na Google One yana amfana, da ya fita zai koma kan gigabait 15 na kyauta. In kayansa sun haura haka, saƙonnin Gmail za su daina shigo masa, shi kuwa yana can yana jiran takardar makaranta. Ya fara rage bidiyo tukuna. Ku kuma sani, sau ɗaya ake yarda mutum ya sauya rukunin iyali a cikin wata 12. In akwai katin bankinki a haɗe da rukunin, ki duba ko kina so ya ci gaba da saye da shi.

Ga masu yaran da suka kai 13 amma ba su kai 18 ba, ni ba na goyon bayan a cire kulawar rana ɗaya. A riƙa sassautawa: a ƙara lokacin amfani da waya bana, a daina neman izinin sauke manhaja baɗi. Amma naki ya isa, Hajiya. Ku yi wannan zaman kafin ya ɗaure jakarsa, domin za a iya turo lambar tabbatarwa a wayarki, kuma gara a turo ta kuna ɗaki ɗaya.