Yadda Ake Zaɓen Na'urar GPS da Ɗaura Ta a Kan Babur

Mai tuƙa babur ba shi da hannun da ke zaman banza. Na dama yana kan totur da birkin gaba, na hagu yana kan kuloci, ido kuma na titi ne. Don haka mai kai saƙo a unguwannin Abuja, ko matafiyin da ke ratsa ƙauyukan da bai sani ba, idan ya ce zai riƙa zaro waya daga aljihu yana duba hanya alhali yana tafe, da ransa yake wasa. Dole a kafe na'urar a wurin da kallo ɗaya zai wadatar.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka san abin da na'urar ke yi. Saurare kawai take yi. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, suna aiko da saƙo dare da rana. Da zarar na'urarka ta kama huɗu daga cikinsu, ta san inda kake. Rasha tana da nata mai suna GLONASS, Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma yawancin wayoyin yanzu suna sauraren fiye da ɗaya. Wannan aiki ba ya buƙatar sabis ko data. Abin da ke cin data shi ne sauko da taswira.

A kan taswirar nan ne mutane suka fi yin asara. Na'urorin hannu da ake shigowa da su daga waje galibi suna zuwa ne da taswirar ƙasar da aka fara sayar da su. Sai mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya kunna a Zariya, ya tarar na'urar ta san kowane lungu na Jamus amma ba ta san Kwangila ba. Saboda haka tun a gaban mai kaya ka kunna ta, ka nemi unguwarku, ka nemi ƙauyenku, ka ga ko hanyar burjin da ka sani ta fito. Idan babu, ka tambaya ko tana karɓar katin ajiya, domin ana iya loda mata taswirar OpenStreetMap kyauta. In ba a tabbatar maka da wannan ba, bar masa kayansa komai arha.

Daga nan sai zaɓi tsakanin na'ura ta musamman da wayar hannu. Irin su Garmin zūmo XT da ta fito a 2020, mai fuska inci 5.5, ko TomTom Rider, don babur aka ƙera su. Ana iya karanta su cikin rana tsaka, suna jin taɓi ko da safar hannu, ruwan sama ba ya shigar su. Nemi alamar IPX7 a jikin kwali, ma'anarta na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Ta mota kuwa kada ka ɗora ta a babur, ruwan farko na damina zai gama da ita.

Amma kuɗinsu ba na kowa ba ne, kuma ga mai yawo cikin gari waya ta isa. Tun 2019 Google Maps ya kawo tsarin hanyar babur a Najeriya, sannan manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna ba ka damar sauke taswirar yanki gaba ɗaya ka yi amfani da ita inda babu sabis. Sai dai waya tana da abokan gaba biyu a kan babur. Na farko zafi: Apple ya ce wayarsa ta fi son aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a bazara Sakkwato kan haura 40, ga caji, ga hasken fuska a ƙure, sai wayar ta dushe ko ta daina caji. Na biyu girgiza. A 2021 kamfanin ya yi gargaɗi cewa karkarwar injin manyan babura tana lalata kyamarar iPhone, ya kuma ce ko a ƙananan babura a sa mariƙi mai shanye girgiza. Shawarata ita ce ka ware tsohuwar waya don wannan aiki, wadda kake sana'a da ita ta zauna a aljihu.

Yanzu mariƙi, kuma a nan ba na son a yi ƙwauro. Na roba mai maƙalewa da sifirin yana da kyau a shago, amma gargada ɗaya za ta watsar da wayar a kwalta. Sayi na ƙarfe mai noti. Auna kaurin ƙarfen hannun baburinka tukuna. A yawancin ƙananan babura milimita 22 ne. Samfurin RAM mai ƙwallon roba inci ɗaya ya yi suna ne saboda yana juyawa ko'ina kuma robar tana rage karkarwa. Wurin ɗaurawa mafi kyau shi ne kusa da tsakiya, dab da agogon gudu, ko ɗan hagu kaɗan, yadda ba sai ka sunkuyar da kai ba. Kada ya rufe maka agogon, kada ya tare ramin makulli. Naɗa siririyar robar tsohon tub a ƙarfen kafin ka ɗora, ka ɗaure noti sama-sama, ka hau babur da hular kwanonka, ka daidaita fuskar yadda rana ba za ta haske ta ba. Karya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Idan bai taɓa tanki ba, bai ja wayar birki ko ta kuloci ba, sai ka ƙarasa ɗaurewa da sifana.

Saura wuta. Batirin babur bolt 12 yake bayarwa, waya kuwa 5 take so, don haka ko dai igiyar da ta zo da na'urar, ko cajar USB ta babur mai murfi. Idan ka ga ɗan ƙunshi a tsakiyar igiyar, kada a yanke shi don a rage tsawo, mai yiwuwa shi ne ke rage ƙarfin wutar. Fara cire kan batir mai alamar ragewa kafin ka taɓa komai. Hanya mai sauƙi ita ce haɗawa kai tsaye da batir, amma batirin ƙaramin babur ba shi da yawa, caja kuma tana zuƙar wuta a hankali ko babur na kashe. Gara a ɗauko daga wayar da ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli. Ka guji wayar fitilar gaba, domin a babura da dama wutarta daga kwayil take zuwa kai tsaye, tana hawa da sauka da totur.

Kada launi ya ruɗe ka. A igiyar na'ura ja ce mai wuta, baƙa ce ta ƙasa. A tsarin Honda kuwa, da baburan Sin da yawa da suka kwaikwaye shi, baƙar waya ce mai wuta bayan makulli, koriya ce ta ƙasa. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa ya juya wutar ke nan. A gwada da mita ko da ƙwan gwaji, in kuma ba ka saba ba, kai wa mai wayarin ka tsaya a kansa. Ka tabbata an sa fiyus kusa da inda aka ɗauko wutar, an naɗe mahaɗa da kyau, an bi da igiyar ƙarƙashin tanki tare da sauran wayoyi, nesa da kan inji mai zafi, an kuma bar mata ɗan sassauci a wuyan babur inda yake juyawa.

Fitowar farko ka bi hanyar da ka riga ka sani, mai ramuka in da hali, don ka ga ko na'urar tana faɗin gaskiya kuma ko mariƙin yana sunkuyawa. Saita inda za ka tun kana tsaye. In kana son sauyawa, faka a gefe. A tafiya mai nisa ka tambayi mutanen tasha halin da hanya take ciki, domin taswira ba ta san kwalbatin da ruwa ya cinye jiya ba, ba ta kuma san dajin da ba a bi bayan la'asar ba. Da ka dawo, sake bin notinan da sifana, girgizar farko takan sassauta su. Duk inda ka faka, cire na'urar ka tafi da ita, ka rufe bakin caja da murfinsa saboda ƙurar hunturu.