Nazarin Littafi Mai Tsarki: Littafin da sarki ya ƙone

A cikin ikilisiyoyinmu akwai masu baiwar rubutu. Wasu suna tsara waƙoƙin zumuntar mata, wasu suna shirya littattafan yaƙi da jahilci, wasu matasa kuma suna fatan rubutu ya zama sana'arsu. Amma sau da yawa aikin yakan gamu da cikas. Kuɗin bugawa ya gagara, ko masu ɗab'i su ƙi karɓa, ko gara ta cinye takardun. Me za mu yi a irin wannan lokaci?

Mu karanta Irmiya 36:1-32.

A shekara ta 4 ta sarautar Yehoyakim, sarkin Yahuza, wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu, Allah ya umarci Irmiya ya rubuta dukan saƙon da ya ba shi tun zamanin sarki Yosiya. Irmiya yana faɗa, magatakardansa Baruk yana rubutawa. Wa'azin fiye da shekara 20 ke nan. Da aka kai wa sarki littafin, yana zaune yana jin wuta don lokacin sanyi ne. In an karanta kaɗan sai ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare.

• Me ya sa Allah ya so a rubuta saƙon? (aya 3)
• Yaya muke tsammani Baruk ya ji da ya sami labari?
• Me Allah ya ce su yi bayan haka? (aya 28) Da me littafi na biyu ya fi na fari? (aya 32)

Mu karanta Irmiya 45:1-5.

Tun a shekarar da ya yi rubutun farko Baruk ya yi kukan gajiya. Allah ya ji shi. Ya gargaɗe shi kada ya nema wa kansa girma, ya kuma yi alkawari zai tsare ransa duk inda ya tafi.

• Don me muke rubutu? Don a san sunanmu, ko don jama'a su amfana?

A shekarar 1812 gobara ta cinye maɗaba'ar William Carey da abokan aikinsa a Seramfur, ƙasar Indiya. Fassarori da ƙamus na shekaru da yawa suka zama toka. Suka sake farawa, Carey kuwa ya ci gaba da fassara har rasuwarsa a 1834.

Allah bai hana sarki ƙone littafin ba, amma ya kiyaye marubutan, ya sa suka sake ɗaukar alƙalami. Saboda haka ne muke karanta maganar Irmiya a yau.

• Wa yake da baiwar rubutu a cikinmu? Ta wace hanya za mu taimake shi: sauraron abin da ya rubuta, kwafe shi a ajiye a wani gida, ko tara kuɗin bugawa?

Mu yi addu'a domin waɗanda aikinsu ya lalace, Ubangiji ya ba su ƙarfin sake farawa.